Gwanin Zane Da Furfura: Me Ke Hana Aikinsa Shiga Kasuwa?

A garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, irin su Ikara da Makarfi da Kudan da Hunkuyi, zane ba baƙo ba ne. Yana fuskar tsofaffin zauruka, inda magini ya murɗa dagi da laka ko ya karce shi a jikin ɗanyen siminti. Yana jikin manyan motocin da ke lodin rake da tumatir zuwa kudu. Yana kan allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, yana bayan ƙwaryar mai tallan nono, yana ƙirjin babbar riga. Abin da ke da wuyar gani shi ne mai zanen da ya tsufa yana cin abinci da sunansa. Rake yana da kasuwa, har Makarfi ta yi suna da shi. Tumatir ya samu masana'anta a Ikara tun shekarun 1980. Zane kuwa aikin jinga ne: a yi ciniki, a biya, a manta da wanda ya yi.

Wannan abin takaici ne, domin a wannan sana'a tsufa riba ne ba nakasu ba. Yaron magini ba ya fara aiki da zane. Da kwaɓa ƙasa yake farawa, da ɗaukar tubali, da jefa wa maigidansa curin laka a saman gini. Sai ya shekara da yawa kafin a bar shi ya taɓa fuskar zaure, wadda ita ce mutuncin mai gida a idon duk mai wucewa. Kuma laka ba ta jiran mai shakka. Idan an yaɓa ta, dole a fitar da zanen kafin ta sha iska, babu gogewa, babu sake lale. Shi ya sa tsohon magini ke tsayawa a gaban bango, ya dube shi jim kaɗan, sannan ya ja layi da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da awo ba, layin kuma ya koma ya haɗu da kansa daidai. Ƙarfin zuciyar da ɗaliban zane na jami'a ke nema a aji, shi kayan aikinsa ne suka tilasta masa shi tun yana saurayi. Mutanen gari kuma suna gane hakan. Sukan dubi bango su ce wannan hannun wane ne, ko da bai rubuta sunansa ba.

Salon yana da tushe mai tsawo. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, da bakan gizo da ginshiƙai masu ado waɗanda masana gine-gine ke ta nazari har yau. Unguwar Babban Gwani tana nan da sunansa. A wancan lokaci adon yana cikin ɗaki ne galibi, a masallaci da soron sarki da na attajiri. Cikin ƙarni na 20 ne ya fito waje sosai, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun talakawa, siminti da fentin gwangwani suka samu. Magina suka shiga ƙara abubuwan zamaninsu a cikin tsohon zubi: keke, agogo, takobi, mota, jirgin sama. Ana shafe laka da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ta jure damina. Ana fito da zanen siminti da shuɗi da ja da kore da ruwan ɗorawa. Duk wanda ya ga ƙofar fadar Zazzau ya ga inda wannan salo ya kai.

Turawa sun lura da shi da wuri. A.H.M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a farkon shekarun 1960. Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin gidajen birnin da maginansu. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya haɗa baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ke nan aikin ya shiga littattafai, ya shiga hotuna, ya ƙetare teku. Maginan da suka yi shi kuwa kuɗin jingarsu kawai suka karɓa, bangayen kuma da yawa damina ta cinye su, wasu magada suka rushe suka ɗora bulo da kwano.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a yi masa kwana ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta abu mai rai sanannu ne a wurin kowane Musulmi, kuma sun yi tasiri a kan hannun mai zane Bahaushe. Saurayi mai rubutun allon kanti yakan zana kan mutum a shagon aski ko zaki a bayan mota, amma da shekaru suka ja, musamman bayan an sauke farali, da yawa sukan ajiye wannan. Wasu na ganin a nan ne sana'ar ke mutuwa. Gaskiyar magana, a nan ne ya kamata ta buɗe. Dagi da aska takwas da zayyanar allo da zubin da ake yi wa gefen Alƙur'ani rubutun hannu duk ba su da rai, kuma su ne ainihin abin da ya bambanta zanen Hausa da na kowa. Dattijon da ya koma gare su bai yi asara ba, ya koma inda ya fi ƙarfi ne.

Ba nisa da waɗannan garuruwa, wani reshe na zane ya tsiro wanda ya bi wata hanya dabam. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Abin da suka tsaya a kai shi ne, za su koyi dabarun Bature, amma salo sai na gida. Kowa ya koma ya tono abin da ke garinsu. Okeke ya ɗauko zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo.

Wanda labarinsa ya fi dacewa da wannan nazari shi ne abokin karatunsu, Jimo Akolo, ɗan Egbe ta jihar Kogi a yau, wadda a lokacin tana cikin Jihar Arewa. Shi Arewa ya kalla. Ya ɗauki tsarin adon ginin Hausa, ya zana mahaya dawaki da makaɗa da masu dambe, da launuka masu sanyi da layuka masu kaifi. Ya yi baje koli a Ibadan da Landan a farkon shekarun 1960, sannan ya dawo Zariya ya shiga koyarwa a fannin ilimi, ya shafe fiye da shekara 30 yana horar da malamai har ya zama farfesa. A wannan tsakani sunan abokansa ya cika Legas, nasa ya yi shiru. Amma bai ajiye buroshi ba, kuma bai sauya salo don ya bi abin da ke tashe ba. A 2022, yana dab da cika shekara 90, wani gidan baje kolin zane a Legas mai suna kó ya tattaro ayyukansa na fiye da rabin ƙarni ya nuna wa duniya. Ya rasu a 2023. A 2025, da gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban baje koli a kan zanen zamani na Nijeriya, zanensa na mahaya dawaki Fulani na 1962 yana cikin waɗanda aka fi yaɗawa.

Me ya sa aikin Akolo ya iya jiran kasuwa shekara 60, na maginin Kudan bai iya ba? Ba don ɗaya ya fi ɗaya gwaninta ba ne. Na Akolo yana kan ƙyalle da takarda, ana naɗewa, ana ajiyewa, ana ɗauka. Yana da sa hannu da shekara. Akwai waɗanda suka rubuta tarihinsa, don haka mai saye ya san abin da yake saye. Bangon zaure ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

An taɓa warware irin wannan matsala a wani wuri. Esther Mahlangu, 'yar ƙabilar Ndebele ta Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, a wurin mahaifiyarta da kakarta ta koyi zanen bangon ɗaki, kamar yadda 'yan mata ke koya a can. Ta haura shekara 50 kafin a gayyace ta Faris a 1989 ta nuna aikinta. A 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota ta yi mata ado. Abin da ta yi mai muhimmanci shi ne ta sauko da zanen daga bango zuwa ƙyalle, ba tare da ta canja masa kama ba. A nan gida ma akwai Ladi Kwali, wadda tukwanenta suka burge Sarkin Abuja Sulaimanu Barau kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Ita ma zanen da ta gada ta riƙe, kayan aiki kawai ta sauya. Mai tsoron cewa lokaci ya ƙure kuma, ya tuna da Carmen Herrera 'yar Kuba, wadda sai tana da shekara 89 kasuwa ta waiwaye ta, a 2004, ta kuma ci gaba da aiki har ta rasu tana da 106.

To amma sauko da zane daga bango shi ne mafi sauƙi. Mafi wuya yana cikin zuciya. Dattijon da ba ya shakkar bango mai tsawon gaba biyu, idan aka ce ya yi wa aikinsa kuɗi sai murya ta yi ƙasa. An tashe shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, ga kunyar kada a ce tsoho da shi yana wasa da fenti kamar yaro. Idan ya daure ya faɗi farashi, kuɗin fenti da na kwanakin da ya yi zai lissafa, ya manta da shekara 40 da suka sa hannun ya nuna. Mutumin da zai ce albarka sau biyar a kan buhun masara a kasuwar Makarfi, a tayin farko yake sallama zanensa. Dillalin da ya san inda zai kai shi ne ke cin ribar. Haka abin yake ko a manyan kasuwanni: hoton Tutu na Ben Enwonwu fam miliyan 1.2 aka saye shi a gwanjon Bonhams na Landan a 2018, shekara 24 bayan rasuwar mai zanen.

Wani haɗarin kuma ya fi arha muni. Duk wanda ya leƙa wuraren sayar da kayan tsaraba a Kaduna ko Abuja ya san irin zanen da ke cika su: budurwar Fulani da ƙwarya, raƙumi da faɗuwar rana, mahayin doki a hawan sallah, ɗaya kamar ɗaya. Masu yin su ba su da laifi, abin da ake tambaya suke kawowa. Amma dattijon da ya bar dagin da ya gada ya shiga kwaikwayon waɗannan don ya samu mai saye, ya zubar da abu guda da yake da shi wanda matasa ba su da shi. A ganin mai wannan nazari, gara ya yi zane goma a shekara da hannunsa na ainihi da ya yi ɗari irin na kowa.

Lokaci ma ba ya gefen masu jira. Injin buga tallan roba ya ƙwace aikin masu rubutun allon kanti da na 'yan siyasa. Tayil da adon silin na zamani sun ƙwace na magina. 'Ya'yansu da yawa sun koma acaɓa ko noman rani, wanda ya fi kawo kuɗi a hannu. Sai dai zamanin da ya kawo wannan ya kawo wayar hannu. Masu ɗinkin hula da babbar riga na birnin Zariya sun riga sun gane haka, suna samun masu saye ta WhatsApp da Facebook daga garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Babu abin da zai hana jikan magini ya ɗauki hoton aikin kakansa a kan katako ko ƙyalle, ya rubuta sunansa da garinsu da shekarar da ya yi shi, ya kuma tsaya masa wajen ciniki, tunda shi kunyar ba ta ɗaure masa harshe kamar yadda ta ɗaure wa tsohon ba.

Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba daga Hunkuyi. Ya dace malamansa su tura ɗalibai Kudan da Likoro da Makarfi da Paki da Ikara, su nemo tsofaffin magina da masu zayyana da suka rage, su rubuta sunayensu da na waɗanda suka koya musu, su kai musu ƙyalle da fenti, sannan su baje aikin a Zariya da Kaduna da sunan masu shi. Ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara kuma, da attajiran da ke gina sababbin gidaje da masallatai a yankin, su ware bango ɗaya su kira ɗaya daga cikin dattawan nan ya yi masa ado, su biya shi kuɗin gwani, su bar shi ya rubuta sunansa a ƙasa.