Gwanin da ba ya gaggawar yin fomat

A shagunan buga takardu da ofisoshin da ke kan titin Ahmadu Bello a Jos, akwai matsalar da ke bambanta gwani da ɗan koyo. An sabunta Linux, sabon kanel ya hau, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta. Fayil ɗin da jiya ke isa saba kafin a ƙifta ido, yau sai a je sallah a dawo bai gama ba. Wani ya ce netwok ne, wani ya ce ƙurar hunturu. Ɗan koyo kuwa maganinsa ɗaya: a yi fomat.

Gwani ba ya goge komai. Sai ya sake kunna na'urar, ya zaɓi tsohon kanel a jerin GRUB da ke fitowa lokacin kunnawa, ya tura wannan fayil ɗin dai, idonsa a kan agogo. In gudu ya dawo, ya san gidan da ɓarawon yake, saura ɗaki. Da iperf3 yake auna waya ita kaɗai, ban da faifan ajiya. Da ethtool yake duba ko katin netwok da ke gudun 1000 ya faɗo 100, abin da kan faru idan sabon direba bai jitu da katin ba. In waya lafiya lau, sai ya koma kan SMB, ƙa'idar musayar fayil. A 2017, shekarar da muguwar manhajar WannaCry ta yi ɓarna ta ƙofar SMB1, Linux 4.13 ya daina zaɓen wannan tsohuwar sigar da kansa, tsofaffin na'urorin ajiya da yawa suka shiga rikici. Komawa SMB1 na kashe ƙorafi nan take, amma mai hankali ba ya buɗe wa ɓarayi ƙofa don sauri.

Inda ya fi burge ni shi ne ranar da duk wannan bai nuna komai ba. Tsakanin kanel da mai bi masa akwai gyare-gyare sama da 10,000, ɗaya ne mai laifin. Sai ya ɗauko git bisect, ya yi irin na mai dankalin Bokkos da ya ji wari a buhu: raba biyu, ajiye rabin lafiyayye, sake raba mai warin. Gwaji kamar 14 ya isa. Amma kowane gwaji sai an harhaɗa kanel daga tushe, ga wuta na ɗaukewa, ga maigida a tsaye yana tambayar "har yanzu?" Da ya kama gyaran sai ya kai rahoto ga masu kula da kanel, domin dokar Linus Torvalds ce cewa sabuntawa ba za ta ɓata abin da ke aiki ba.

Masu shaguna, in kun samu irin wannan mai gyara ku biya shi kuɗin lokacinsa ba gardama, kuma kada ku bari a goge tsohon kanel sai an gwada sabon.