Ba a Sayen Juriyar Zafi a Shagon Keke

Duk ƙarshen watan Agusta, ranar Asabar, dubban mutane kan yi sammako su cika babban titin garin Wichita Falls da ke arewacin jihar Teksas ta Amurka, kowa riƙe da kekensa. Da misalin ƙarfe bakwai na safe sai a buga igwa, jiragen sansanin sojan sama na Sheppard su gifta ta samansu, a kama hanya. Sunan taron Hotter'N Hell Hundred, kuma tun 1982 ake yinsa, shekarar da garin ya cika shekara 100 da kafuwa. Masu shirya bikin ne suka ga ya dace a yi tafiyar mil 100 a cikin zafin da ya kai digiri 100 a ma'aunin Amurkawa, wato kilomita 160 ke nan a digiri 38 na Salshiyas. Abin ya karɓu, har akwai shekarun da mahalarta suka haura dubu goma. Mafi yawansu ba 'yan tsere ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da dattawan da suka yi ritaya, burinsu kawai su kai ƙarshe.

Ba su kaɗai ba ne. A jihar Iowa akwai RAGBRAI, wadda 'yan jarida biyu na jaridar Des Moines Register suka fara a 1973, ana ratsa jihar daga yamma zuwa gabas cikin kwana bakwai, a ƙarshen Yuli, lokacin da zafi ya fi tsanani a can. Irin waɗannan tafiye-tafiye sai yaɗuwa suke yi, ga kuma yanayin duniya na ƙara ɗumi. Inda jama'a suka taru kuwa, kasuwa ba ta makara. Yanzu duk wanda ya yi rajistar doguwar tafiya a lokacin zafi, kafin ya ankara an jero masa abin saye: garin gishiri mai kala-kala a 'yan ledoji, gorar da ke riƙe sanyi, rigar da aka ce tana korar rana, har da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji tana ƙiyasta zafin cikin jiki. Ba na cewa kayan banza ne, wasu suna da amfani. Abin da nake ja da shi shi ne yadda shiri ya koma sayayya. Mutum ya kashe kuɗi ya ji a ransa ya shirya, alhali abubuwan da ke raba mai ƙarasawa da wanda motar asibiti za ta ɗauka babu ko ɗaya da ake sayarwa.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Cikin ƙarfin da mai keke ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya ne bisa huɗu ko bisa biyar ke sauka a kan feda. Sauran duk zafi yake zama, kuma dole ya fita. Idan iskar waje ta kai zafin fata ko ta wuce, hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi ya bushe a kan fata ya tafi da zafin. Kamar randar ƙasa ce: ruwan cikinta na sanyi ne saboda tana tsatsafo iska na busarwa, in ka shafe ta da fenti ta tashi daga aiki. Shi ya sa gumin da ke ɗiga ƙasa asara ne, bai sanyaya kowa ba. Shi ya sa kuma zafi mai laima ya fi busasshen zafi mugunta, ko da ma'auni ya nuna ƙasa. A gasar guje-guje ta duniya da aka yi a Doha a 2019, da tsakar dare aka fara gudun famfalaƙi na mata don a kauce wa rana, amma cikin mata 68 da suka tashi, 40 ne suka kai ƙarshe. Ba rana, sai laima. Mai keke yana da gata guda, iskar da gudunsa ke kaɗo masa. Amma gatan kan gushe daidai lokacin da aka fi bukatarsa, wato a kan hawa, inda aiki ya ninka gudu kuma ya ragu.

Abu na farko da ba a saye shi ne lokaci. Jiki yana koyon zafi, amma sai an ba shi kwana goma zuwa mako biyu yana aiki a cikinsa kullum, kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana farawa a hankali ana ƙarawa. A 'yan kwanakin farko ruwan jini ke ƙaruwa, bugun zuciya ya sauko. Daga baya gumi ya riƙa zuwa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu. Wanda ya yi wata shida yana atisaye da asuba cikin sanyi, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, ƙafafunsa sun shirya, amma jininsa da fatarsa baƙi ne a zafin azahar. Kuma wannan sabo ba ya zama, in aka bar shi makonni kaɗan sai ya zube.

A nan ma yayi ya shigo. Ƙwararrun mahaya yanzu kan hau keken ɗaki sanye da riguna a kan riguna, su rufe tagogi, don su dafa jikinsu da gangan. Masu bincike a Jami'ar Bangor ta yankin Wales sun nuna cewa shiga ruwa mai zafin digiri 40 bayan motsa jiki, kwana shida a jere, yana kawo wani ɓangare na wannan sabo. Dabara ce mai kyau ga wanda ke zaune a ƙasar sanyi. Sai dai ƙwararren yana da likita a gefensa, ana auna shi kafin da bayan. Magidancin da ya ga hoto a Instagram ya kulle kansa a ɗaki da rigar leda, shi kaɗai, ba wanda zai ji faɗuwarsa.

Sai maganar ruwa, inda aka tashi daga wannan kuskure aka faɗa kishiyarsa. A da, mahaya sun yarda cewa shan ruwa rauni ne. Dokar tseren Tour de France ma ta taƙaita abin da ake miƙa musu, har sukan afka mashayun gefen hanya su wawuri abin da suka samu. Ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson, Baturen Ingila da ya taɓa zama zakaran duniya, ya faɗi a kan dutsen Ventoux na Faransa cikin tsananin zafi, bai sake tashi ba. Shekarunsa 29. An sami ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Yau kuwa huɗubar ta juye: sha, ƙara sha, kada ka jira ƙishirwa. Wannan ma yana kisa. In ruwa ya yi yawa a jiki, gishirin jini sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. An gwada jinin 'yan gudun famfalaƙi 488 a Boston a 2002, aka tarar kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa da ƙima. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu daɗewa a hanya, da waɗanda nauyinsu ya ƙaru a lokacin gudun. Duba wanda wannan siffa ta dace da shi a tafiyar keke: mai tafiya a hankali, awa bakwai ko takwas a kan sirdi, yana tsayawa a kowace rumfa yana ɗura gora biyu saboda an tsorata shi. Babban tashin hankalin shi ne alamomin sun yi kama da na ƙarancin ruwa, ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, sai mai son taimako ya ƙara ɗura masa.

Maganin wannan sikeli ne, irin na kowane ɗakin shan magani. Hau kafin ka fita, yi awa guda a zafi, goge jikinka ka sake hawa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Wani lita ɗaya yake zubarwa a awa, wani biyu, kuma ba wanda zai san nasa sai ya auna. Raguwa kaɗan a ƙarshen tafiya ba laifi ba ne. Ƙaruwa ce alamar haɗari. Gishiri kuwa ana bukatarsa a doguwar tafiya, musamman ga wanda rigarsa ke yin fari-fari in ta bushe, amma ba ya wanke laifin wanda ya sha fiye da kima, kuma ba dole sai na leda mai tsada ba. A rumfunan Wichita Falls, ruwan tsamin kokwamba mai gishiri na cikin abin da mahaya suka fi rububi. Abinci ma kada a bari sai yunwa ta kama: ayaba, dabino, burodi, kaɗan-kaɗan tun daga awar farko, domin zafi na kashe sha'awar ci tun kafin jiki ya daina bukata.

Ƙwaya dai a bar ta. Tun 2019 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tramadol a lokacin gasa. Duk abin da zai ɓoye maka gajiya ya ɓoye maka gargaɗi. Su ibuprofen ma, da mutane ke haɗiya kamar alewa, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

A ganina, abin da ya fi komai daraja a taron Wichita Falls wata mararraba ce a wajejen mil na 60, wadda suke kira Hell's Gate, wato Ƙofar Jahannama. Duk wanda bai iso ta ba kafin sha biyu da rabi na rana, ba za a bar shi ya ci gaba da hanyar mil 100 ba, sai a karkatar da shi gajeriyar hanyar komawa gari. Idan zafin ranar ya wuce misali, likitocin taron na da ikon rufe ta tun kafin lokacin. Ba roƙo, ba sanayya.

Na san abin da masu adawa ke cewa, kuma ba maganar wofi ba ce. Mutum baligi ne, ya biya kuɗinsa, ya yi wata da watanni yana shiri, wataƙila faci ne ya tsayar da shi minti ashirin. Da wane dalili wani zai yanke masa hukunci a kan jikinsa? Dalilin shi ne bugun zafi ƙwaƙwalwa yake fara taɓawa. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum kan rikice, ya yi ta faɗa ba dalili, ya rantse lafiyarsa ƙalau alhali kekensa na tangaɗi a kan titi. Abin da zai yi amfani da shi ya yanke shawarar tsayawa shi ne abin da ya fara lalacewa. Saboda haka dole a yanke shawarar tun da sauran hankali, ko dai mai shirya taro ya yanke ta a takarda, ko mahayin ya yanke ta a gida ya damƙa wa abokin tafiyarsa: in ka ji maganata ta fara kaucewa, ko ka ga tsigar jikina na tashi a cikin rana, sauke ni, kada ka saurare ni. Ƙofar tana da wani amfanin kuma da wani haɗarin. Tana sa mutane su yi lissafin tafiyarsu tun kafin ranar, amma tana sa wasu su ƙure gudu da safe don su riske ta, su iso a ƙone, ga sauran kilomita sittin da wani abu a cikin mafi zafin yini. Wanda sai ya ƙure kansa zai kai ƙofar, amsar da ƙofar za ta ba shi ya riga ya samu.

Idan kuma bugun zafi ya kama mutum, a sani ba lallai gumi ya ɗauke ba, da yawa suna faɗuwa jikinsu sharkaf. Likitocin wasanni sun yi ittifaƙi a kan cewa a fara sanyaya mutum a wurin da ya faɗi kafin a ɗauke shi, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya in akwai, in babu a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, cikin rabin awar farko. Taron da ke da lambobin yabo da riguna masu tambari amma ba shi da baho da ƙanƙara a rumfunansa, bai shirya ba.

Mu nan da matasanmu suka fara haɗuwa rukuni-rukuni a ƙarshen mako suna dogon zango a kan keke, akwai wata magana da ke saurin fitowa daga bakinmu: ai mu 'yan rana ne. Da gaskiya a ciki, wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya fi Baturen Ingila sabo da zafi. Amma sabon zama a zafi daban, sabon awa shida ana taka feda a cikinsa daban. Manomi ma da ya fi kowa sanin rana, da hantsi ya ɗaga yake neman inuwa. Ga shi zafin bazararmu busasshe ne, gumi na bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Maƙwabtanmu na Burkina Faso da ke shirya Tour du Faso tun 1987, a ƙarshen Oktoba suke fara nasu, ba a Afrilu ba, kuma ƙwararru ne ke hawa.

Don haka ga masu shirya irin wannan tafiya a wajenmu: ku kai ta lokacin sanyi in da hali. In ya zama dole a bazara, a tashi da an idar da sallar asuba, a tanadi mota mai bin baya da ruwa da ƙanƙara da ma'aikacin lafiya, kada a sa mai azumi a dogon zango da rana. Sannan ku zaɓi wani gari a kan hanya ku sa masa lokaci, ku sanar da kowa tun ranar rajista cewa wanda bai kai nan ba a wannan lokacin zai hau mota, ko shi ne shugaban ƙungiya.