Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoto na Farko

Duk lokacin da na kalli hoton Oba Ovonramwen na Benin zaune a jirgin ruwan Turawa a 1897, sai hankalina ya koma ga mutumin da ke bayan kyamarar. Sunansa Jonathan Adagogo Green, ɗan garin Bonny, baƙar fata kamarmu. An daɗe ana ganin tambarin J. A. Green a jikin hotunansa ana zaton Bature ne.

Sana'ar nan ba ta raggo ba ce. Kyamarar katako ce a kan ƙafa uku. Mai hoto zai cusa kansa ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya hango mutum a kife a jikin gilashi, ya roƙe shi kada ya motsa ko kaɗan. Ga zafi, ga laimar bakin teku mai ɓata maganin wanke hoto, ga farantin gilashi wanda tuntuɓe ɗaya ya isa ya tarwatsa aikin yini guda.

Sojojin Ingila sun ci Benin, sun kwashe kayan tagullar fada, suka rubuta labarin yadda suka ga dama. Green kuwa ya bar mana fuskar sarkin kansa, sojoji tsaye a gefensa, ana kan hanyar kai shi Kalaba zaman dole. Kwarjininsa na nan daram, kuma wallahi duk wanda ya ƙura masa ido sai jikinsa ya yi sanyi. Green ya rasu a 1905, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba.