Tsirkiya 6 ko 12?

Jita mai tsirkiya 12 tagwaye take ɗauke da su: kowace tsirkiya da abokiyarta, huɗu daga ciki kuma abokan nasu sun fi su siririyar murya. Shi ya sa amonta ke cika fili. Da ita Blind Willie McTell ya yi kiɗa a titunan Atlanta, cikin hayaniya, ba lasifika.

Sai dai tagwayen suna da tauri. Yatsa kan gaji, kuma da wuya ya ja su har sauti ya yi kuka. A faifan Robert Johnson na 1936, tsirkiya 6 ce kawai, amma kowane sauti yana fita shi kaɗai, kamar mai ba mawaƙi amsa. Matashin da kuɗinsa na jita ɗaya ne, wannan ya kamata ya saya.