Kunle Adeyanju, namijin duniya a kan babur

Ranar 19 ga Afrilu 2022 wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya ɗaure kayansa a bayan babur a birnin Landan, ya sa hular kwano, ya tayar da inji, ya ce sai Legas. Shi kaɗai, ba motar rakiya, ba bakanike a bayansa. Ranar 29 ga Mayu ya shigo Najeriya ta iyakar Seme, bayan ya ci fiye da kilomita 12,000. Har yau in aka ambaci wannan tafiya sai tsigar jikina ta tashi. Wallahi wannan bawan Allah ya burge ni!

Mutane sun fi son maganar ranar da ya iso, da jerin gwanon masu babura da suka tarye shi. Ni kuwa ranar tashi ce ta tafi da hankalina. Duk wanda ya taɓa barin garinmu Gidimuni, a ƙasar Damagaram ta Nijar, da asuba a kan moto, ya hau gudron ya nufi Gure, ya san yadda zuciya take yi da zarar lambunan rake da dabinon bakin tafki sun ɓace a baya, rairayi ya fara buɗewa hagu da dama. Wannan fa tafiyar hantsi ce, kuma kowane ƙauye kana da wanda ka sani. Kunle kuwa ya juya makulli yana sane da cewa Faransa da Sifaniya na gabansa, sai teku, sai Maroko, sannan Sahara da kanta, kuma duk abin da ya same shi a can shi ne zai ji da shi. Kakanninmu da suka saba da hamada ba sa shigarta ɗai-ɗai. Ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma raƙuma ne rututu, da madugu a gaba wanda ya san rijiya ya san tauraro. Mutumin nan shi ne madugu, shi ne ayarin. Kai, jama'a!

Babur ɗin ma ya cancanci kirari. Honda CB500X ne, ya sa masa suna Eagle. Injinsa mai silinda biyu ne, cc 471, ruwa ke sanyaya shi, tankinsa na ɗaukar lita 17 da 'yan kai. Gwada shi da ƙananan babura 'yan cc 125 ɗin da 'yan kabu-kabu ke haya da su a Damagaram, za ka ga tazara. Amma a wajen masu yawon duniya matsakaici ne, akwai manya da suka ninka shi ƙarfi da tsada. Wannan ma ya ƙara min son Kunle, don zuciyarsa ce ta yi aikin, kuɗin inji bai saya masa komai ba.

A kan wannan babur ya shiga Muritaniya. Daga iyakar arewa zuwa Nuwakshot fiye da kilomita 400 ne na fili fetal, inuwa sai wadda ka zo da ita. Guguwar rairayi ta same shi, zafin rana ya kusa kayar da shi, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa wa duniya yadda ya galabaita. Mu da muka san rana ta watan Afrilu da Mayu a ƙasar Damagaram ba sai an yi mana bayani ba. Iskar da ke dukan mai babur a irin wannan lokaci tana shanye ruwan jikinsa tun bai ji ƙishirwa ba, ga rigar kariya mai nauyi, ga zafin inji a tsakanin ƙafafu. Ya tsallake. A Mali ƙafar babur ta lalace, mutanen da bai taɓa gani ba suka tsaya masa har ya ci gaba. Ya ratsa Kwaddibuwa, Gana, Togo da Benin.

Kuma duk wannan wahala ba don kansa ya sha ta ba. Ɗan ƙungiyar Rotary ne, ya yi tafiyar don tara kuɗi da wayar da kai a kan cutar shan inna. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma rigakafi bai ƙare ba, har yanzu masu ɗiga wa yara magani na bin gida-gida a garuruwanmu. Wanda ya sa ransa a hanya don ƙafar ɗan wani ta taka ƙasa lafiya, me za ka ce masa ban da Allah ya saka da alheri?

Abu ɗaya ya rage mini a rai: bai biyo ta Nijar ba. Muna da hanyar Agadas zuwa Damagaram ta Adarbisinat da Tanut, wajen kilomita 450, hanyar fatake ta tun zamanin Sarki Tanimu. Malam Kunle, in Allah ya kawo kwanciyar hankali a hanyoyin nan, don Allah ka sake ɗaure kaya ka biyo ta nan. Ka gaida Sarkin Damagaram a Birni, ka wuce Mirya, kilomita 70 kacal daga Damagaram kana Gidimuni. Matasanmu masu moto za su fito su tarye ka tun daga bakin gari.