Faifan Agadas Na Bombino

Mutanen Sakkwato sun san sunan Agadas tun da daɗewa, gama can ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu neman ilmi. Daga ƙasar nan aka sami wani mawaƙi Ba'abzine, Umaru Muktar, wanda aka fi sani da Bombino. Faifansa mai suna Agadas ya fito a 2011.

An haife shi a 1980. Yana ɗan shekara 10 tawayen Abzinawa ya tashi, iyayensa suka gudu da shi Aljeriya, can ya fara taɓa gita, watau molon Turawa. Daga baya ya saurari makaɗa irin su Jimi Hendrix na Amurka, masu kiɗan nan mai ƙarfi da ake kira rok. A 2007 fitina ta sake tashi, aka hana kiɗan gita, aka kashe abokan kiɗansa biyu. Ya tsere zuwa Burkina Faso, bai koma gida ba sai 2010.

To, ku lura da abin da ya yi da wannan baƙin ciki. Wanda aka kashe wa abokai, in ya cika faifai da zagi da kiran ramuwa, ba mai ganin laifinsa. Shi kuwa waƙar da ya fara da ita gaisuwa ce ga ƙasarsa, irin ta matafiyi mai begen gida. Wata ya sa mata sunan Tenere, hamadar da aka raba shi da ita. Muryarsa a ƙasa take, kiɗan kuwa yana ta maimaita kansa kamar tafiyar raƙumi, sa'an nan gita ta ɗauka ta faɗi abin da baki ya ɓoye.

Amma fa akwai aibi. Waɗansu waƙoƙin sun yi tsawo, wanda bai ji Buzanci ba yana iya ƙosawa kafin a kai ƙarshe.

Duk da haka faifan ya cancanci yabo. Wahala kaɗai ba ta yin mawaƙi, domin dubban mutane sun yi gudun hijiran nan, ba su bar waƙa ko ɗaya ba. Gwanintar Bombino ita ce ya danne fushinsa, ya roƙa wa ƙasarsa zaman lafiya.