Tsokaci Kan Binciken Lafiya da Ilimi Ta Wayar Salula: Misali Daga Mararaban Rido

A shekarar 2014 Asusun UNICEF ya ƙaddamar da shirin U-Report a Nijeriya, wanda ke aika tambayoyi ta gajeren saƙon waya. A 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya suka riƙa buga waya ga gidaje 1,950 suna tambaya kan abinci da magani da karatun yara. Irin waɗannan alƙaluma sun fara isowa gaban masu tsara manhaja, don haka ya kamata a auna su. Mun zaɓi Mararaban Rido, a ƙaramar hukumar Chikun kan hanyar Kaduna zuwa Kaciya, domin yin wannan awo.

Ba mu musanta amfanin hanyar ba. Tana da araha da sauri, tana kuma isa inda mai bincike ke tsoron zuwa, kamar wannan yanki da aka sace ɗalibai fiye da 100 na makarantar Bethel Baptist a Yulin 2021. Sai dai a ƙarshen Satumban shekarar gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan Kaduna na kusan wata biyu. Wato inda aka fi buƙatar jin halin jama'a, nan ne waya ta yi shiru. Haka kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na maza ne ke da waya, mata kuwa kashi 55. Sau da yawa maigida ne zai amsa tambayar da uwa ce ta san amsarta.

Abin da ya fi damun mu shi ne harshe. Mararaban Rido ƙasar Gbagyi ce, ga kuma Adara da Bajju da Atyap da sauran mutanen kudancin jihar da suka zauna a wurin. Ga da yawansu Hausa harshen kasuwa ce da hulɗa, ba na goyo ba. Tambayar da aka tsara da Ingilishi, aka juya ta zuwa Hausar littafi, tana iya isa kunnensu da wata ma'ana dabam. Idan aka ce "Yaronka yana karatu?", wane karatu ake nufi? Na boko, ko na allo, ko Islamiyya, ko na Lahadi a coci? Mahaifi zai ce "i" da gaskiyarsa, mai lissafi ya rubuta cewa yaro na bin darasin firamare. Haka "zazzaɓi": a bakin jama'a ya haɗa zafin jiki kowane iri, a takardar bincike kuwa akan fassara shi da na cizon sauro.

Saƙon rubutu ma yana da tasa matsalar. Shigar da ƙ ko ɗ ko ɓ cikin saƙo yakan rage tsawonsa daga haruffa 160 zuwa 70, shi ya sa ake watsar da ƙugiya, "baƙi" ya koma "baki". Ɗan Hausa zai gane daga muhallin magana. Wanda ya koyi harshen a kasuwa ba lallai ba ne.

A ganinmu, waya na iya faɗa mana ko makaranta a buɗe take, ko malami ya zo, ko akwai magani a asibitin unguwa. Ba za ta faɗa mana ko ɗan aji biyu ya iya haɗa baƙi da wasali ba. Wannan sai an zaunar da yaro ya karanta a gaban mai gwaji, kamar yadda aka yi a gwajin karatun Hausa na Sakkwato da Bauci a 2013. Muna kuma ba da shawarar kada a karɓi sakamakon binciken waya cikin aikin manhaja sai an haɗo shi da ainihin tambayoyin Hausa da aka yi, da bayanin wanda ya ɗauki wayar a kowane gida.